Alif Ɗin Da Na Jefa Wa Kifayen Malam

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, a Gyadi-Gyadi nake zaune, kuma ban yi boko ba. Ina faɗa ne 'yata ta fari tana rubutawa, na ce mata ko ta ga hawaye kada ta ajiye biro. Lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce da unguwa ta sani da tsafta. Randata kullum a wanke take, ruwan da ya zo da laka in jefa masa alif ya kwanta tas kafin kowa ya sha. Da wannan nake alfahari, kuma ta nan aka kayar da ni.

Maigidana, Malam, ma'aikacin asibiti ne, a ɗakin gwajin jini ya ƙare aikinsa. Da ya yi ritaya sai ya sayo akwatin gilashi ya kafa a falo, ya shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, ya sa ɗan inji mai hura kumfa, ya zuba kifaye tara jajaye kamar manja. Babban cikinsu yake kira Mai Unguwa, wai shi ke fara cin abinci kafin talakawa. Ni kuwa tsiya nake masa, ina cewa ban taɓa ganin mai kiwon abin da ba ya shiga miya ba. Sau da yawa yakan kira ni in ga yadda yake kula da su, sai in ce ai yana nan, ina za shi. Da ɓarin jikinsa ya shanye, a gaban gilashin nan yake wuni. Kwana uku kafin Allah ya karɓi abinsa, ya nuna su da hannun da ke motsi, ya ce mini amana ce. Na ce na karɓa.

A zaman makoki gida ya cika, wani ya zare wayar injin ya jona cajin wayarsa. Ban lura ba, da na lura kuma ban ɗauke shi wani abu ba. Abincinsu na gwangwani ya ƙare, ni ina takaba ba na fita, kuma na ji nauyin aiken mutum kasuwa saboda kifi ana cikin rashi. Sai na koma marmasa musu burodi da ɓarɓashin tuwo. Duk sanda kewar Malam ta taso mini sai in je in zuba musu, a raina ina cewa Allah ya kai ladan kabarinsa. A wuni sai in zuba sau biyar. Kafin wata ya cika ruwan ya yi fari kamar an dama koko, sai kifi ya matso jikin gilashi kake ganinsa.

Muna da maƙwabciya malamar makaranta, Kirista ce mutuniyar Filato, ta fi shekara goma tana haya a gidan da ke jikin namu. Ta taɓa taya Malam aikin kifayen. Da ta shigo gaishe ni ta ga ruwan, ta mayar da wayar injin, ta durƙusa ta ce, tana kirana Mama, in daina ba su abinci kwana uku, in riƙa kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ina mayewa da wanda ya kwana biyu a bokiti, kada sabulu ya kusanci gilashin, kada in wanke soson cikin injin. Ta ce zai washe da kansa, amma sai na yi haƙurin mako ɗaya ko biyu. Na yi mata godiya a baki. A zuci kuwa na ce yarinyar nan ba ta san alhakin dabba ba, ta yaya zan kulle bayin Allah da yunwa, kuma wace irin tsafta ce ake barin soso da dauɗarsa.

Saura kwana biyu a yi sadakar arba'in, yayar Malam ta zo daga Unguwa Uku. Tun ina amarya muke wasa da ita. Ta leƙa gilashin ta toshe hanci, ta ce oh, ashe sarauniyar tsafta ta buɗe kwata a tsakar falo, ƙanenta bai yi arba'in ba an fara kiwon sauro. Wasa take yi, har ta yi dariya. Ni maganar ta soke ni. Na hango matan unguwannin Darmanawa da Daurawa zaune a falon nan suna kallon ruwan, suna komawa gida da labarin cewa da ma mijin ne mai gyara.

Washegari da hantsi na ɗaura zani. Na kwashe kifayen da rariya na zuba a baho. Na zubar da ruwan kaf, na dirje gilashin da garin sabulu, na wanke tsakuwar kamar shinkafar biki, na ciro soson na saɓe shi sau uku har ya yi fari. Na cika da sabon ruwa daga famfo. Da na ga bai yi mini garau yadda nake so ba, sai na ɗauko alif, guntu mai girman goro, na jefa. Ruwa ya kwanta, kana hango bangon da ke bayansa. Na mayar da kifayen ina jin daɗi, har na ce da Malam zai gani da ya yaba.

Kafin la'asar suka taso sama suna buɗe baki. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara musu burodi. Da na idar da sallar magariba uku sun kife. Na aika a kira malamar, aka ce ta tafi gida jana'izar kawunta. Da gari ya waye, ranar arba'in ɗin, saura Mai Unguwa kaɗai yana juyi a gefe ɗaya, ina tsaye a kansa ina salati har ya daina. Na naɗe su tara a tsumma na binne a bayan ɗaki, na wanke fuskata na fito karɓar baƙi. Yayar Malam ta shigo, ta dubi gilashin yana sheƙi, injin yana ta kumfa, ta tafa hannu ta ce yauwa, yanzu ta ga aikin matar ƙanenta. Mata suka yi ta yabawa. Babu wadda ta lura cewa babu komai a ciki. A nan kukan ya ƙwace mini, suka yi ta ba ni haƙurin rashin miji.

Da malamar ta dawo ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta zauna kusa da ni ta bayyana mini cewa a cikin wannan soson da tsakuwar akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dattin kifi, kuma sabulu da alif da sabon ruwa a lokaci ɗaya sun fi ƙarfin ɗan ransu. Ta ce ruwan da na ƙyamata, da na bar shi, da kifayen sun rayu a cikinsa.

Shekara biyu ke nan. 'Ya'yana suna cewa kifi ne kawai, Inna, a sayo wasu. Na hana. Ina roƙon Allah gafara, don ba yunwarsu na duba ba ranar nan, bakin mutane na duba. Ku da kuke ajiye kifi a gida, idan ruwa ya yi fari ku rage abinci, ku canza kaɗan-kaɗan, ku jira. Ku kuma mata 'yan'uwana, idan miji ya kira ku ku ga yadda yake yin wani abu, ku ajiye tsintsiya ku je ku gani. Ni na ce yana nan, kuma yanzu ba ni da wanda zan tambaya.