Kwamfutar Ɗan Tasalla

Duk wanda ya saba bin hanyar Illela zuwa Ƙonni ya san Safiyyatu mai turare, doguwar mace mai ɗan ɗingishi, wadda masu babur ke gudun ɗauka saboda ba ta taɓa yarda da farashin farko ba. A Kalmalo aka haife ta, 'yar masunci, kuma har ta manyanta in ta ga kifi a tire sai ta danna shi da yatsa ta gaya wa mai shi cewa na jiya ne. Aure ne ya kawo ta Illela, gidan Muhammadu Lawal dillalin albasa. Da ya rasu ya bar ta da mata uku da namiji ɗaya, ba ta zauna jiran dangi ba. Ta sha ɗamara ta shiga fatauci, ta kai turaren wuta da humra Ƙonni, ta dawo da dabino da atamfa.

Matan nan uku duk ita ta yi musu kayan ɗaki, kuma yadda uwarta ta yi mata haka ta yi musu. Tun yarinya na rarrafe ake fara tari. Bana kwano, baɗi tasa, wata shekarar zannuwan gado, a zuba a adaka a rufe, kada kowa ya ji labari. Ranar jere kwanon da ya shekara goma a ɓoye zai zauna kusa da wanda aka sayo jiya, su yi kyau tare. Abin da Safiyyatu ta sani game da tara kaya ke nan, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Namijin, Uzair, shi ne ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta zama su yi hira ido da ido, in tana da magana da shi sai ta bi ta bakin wani. Ɗan Tasalla take ce masa, don ƙanwarta Tasalla ce ta ɗauke shi yaye. Mutanen yanzu na yi wa wannan kunya dariya. Su yi ta yi. Akwai matan da ke kiran ɗan fari da sunansa safe da yamma, amma ba su so shi rabin yadda Safiyyatu ta so nata ba.

Sana'ar Uzair ɗaukar bidiyo ce, na biki da suna da walimar saukar karatu. Hannunsa na da kyau, kowa ya shaida. Matsalar ita ce wajen haɗa aikin. Sai ya je shagon abokinsa Halliru mai gyaran waya ya ari wata tsohuwar kwamfuta, wadda sai ta yi dogon tunani kafin ta buɗe hoto ɗaya. Amarya kan yi ciki bidiyon bikinta bai fito ba. Masu hali suka fara ɗauko masu ɗaukar hoto daga Sakkwato.

Wata ranar bayan la'asar tana kwaɓa turare a bayan zaure ta ji Uzair da Halliru suna hira.

"Wallahi Halliru," in ji Uzair, "in na samu kwamfuta tawa ta tebur, wadda anka zaɓi kayanta ɗai-ɗai, na gama. Da rana in haɗa bidiyo, da marece samari su zo su buga gem ɗin ƙwallo. Madabod mai kyau, furosesa, ram, katin hoto mai ƙarhi. In ko ba ta samu ba, arewa za ni yi awa kowa."

Arewa a bakin samarin Illela ba ta nufin Ƙonni. Agadas take nufi da abin da ke bayanta, ramukan zinariya da hamada. Safiyyatu ta san gidaje a unguwarsu da uwa ke zaune ba ta san ko ta yi makoki ko ta ci gaba da jira ba. Hannunta ya tsaya cikin kwaɓin. Amma kunnen 'yar kasuwa ne da ita. Kalmomin nan huɗu ta kama su ta riƙe, ta yi ta maimaita su a zuci har suka zauna. Abu ɗaya kuma ya kwantar mata da hankali, wato ashe ɗaya-ɗaya ake sayen kayan. To ai wannan aikinta ne.

Ba ta tambaye shi komai ba, ina ita ina tambayar ɗan fari. Halliru ma ta kauce masa, don ta san bakinsa da kunnen Uzair ba nisa. Ta sami wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ta ce ya sayo mata madabod, faffaɗan farantin nan da sauran kayan ke zama a kansa. Ya kawo shi cikin kwali mai sheƙi. Ta naɗe shi da tsohon zani ta sa a adaka, can ƙasa inda kwanukan autarta suka taɓa zama.

Sai aka rufe iyakar Nijar. Fatauci ya tsaya cik, turare ya yi kwantai, abin da ake samu ya koma na tuwo. Aka buɗe, ta fara farfaɗowa, ta sayi akwatin kwamfutar da abin raba wuta da fankoki. Aka sake rufewa. Shekaru suka yi ta tafiya, ita kuwa ko a jikinta, tana cewa sannu ba ta hana zuwa. Fargabarta ɗaya ce, kullum ta ji Uzair ya ambaci Agadas sai ta aiki Tasalla ta ce masa ya ƙara haƙuri, alheri na tafe.

Furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, a Ƙonni ta saye shi, da sefa, kuɗin can, bayan ta sayar da awakinta. Mai shagon ya dube ta ya ce, "Hajiya, wane irin madabod a gare ku? Sai na sani kahin in ba ki."

Ta harare shi. Ta san wannan salon, a ja ka da tambaya har a sayar maka da abin da ba ka zo saye ba. "Mi ya kai ka ga abin da ag gidana? Kai dai ba ni sabon hitowa, wanda ya hi kowane."

Ya ba ta sabon fitowa, wanda ya fi kowanne. Haka ta yi wajen ram, ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi, haka ta yi wajen katin hoto, wanda ya cinye 'yan kunnenta na zinariya. Kowane wuri kalma ɗaya take faɗa, a ba ta mai kyau. Kuma babu wanda ya cuce ta, kowane ɗaya a cikin kayan nan mai kyau ne. Wayonta na kasuwa, wanda ya ciyar da marayu huɗu, shi ne ya toshe mata kunne a wurin da ya kamata ta saurara.

Ranar da kaya suka cika ta kira Tasalla ta ce, "Kai ma ɗanki. Kada ki ce komi." Ta koma ɗaki ta zauna tana leƙe ta labule. Ta ga Uzair ya buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga katin hoton da hannu biyu, ya yi dariya, ya share ido. Ta ga kuma ya ɗauki madabod ɗin ya juya shi, ya ɗauki furosesan ya kara, ya daɗe shiru. Ta ɗauka murna ce ta ɗaure masa baki. Ya taso ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa.

"Inna, Allah shi saka da Aljanna."

"Amin," ta ce, tana duban bango. Iyakar maganarsu ke nan.

Kwana kaɗan aka haɗa kwamfuta a shagon ƙofar gida. In ta wuce takan hango fankoki na juyawa da fitilu ja da shuɗi, ta ji ƙararsu a hankali. Uzair kan shiga da hantsi ya turo ƙofa, sai azahar ya fito. Ranta ya yi fari. Har ta fara gaya wa mata a kasuwa cewa duk mai biki ta zo, yanzu aiki ba ya kwana. Ba ta lura ba cewa samarin gem ba su taɓa zuwa ba, kuma har yanzu da yamma shagon Halliru yake tafiya.

Bayan ƙaramar salla Tasalla ta shigo da jajayen idanu ta ce Uzair ya bi motar Agadas. Ya bar sallahu cewa ba zai daɗe ba, a roƙa masa gafarar Inna. Safiyyatu ba ta yi kuka a gaban mutane ba, uwa ba ta yi wa ɗan fari haka. Amma ta ji ciwo, ta kuma ji haushi. Me ya rage da ba ta yi ba? Ya kira Tasalla sau biyu daga Agadas, ya ce za su wuce gaba. Daga nan wayarsa ta daina shiga.

Damina ta wuce. Ta ga ƙura ta fara hawa kan kwamfutar, ta ji tsoron kada ta lalace da zama, sai ta aika aka kira Halliru ya kunna ta ta ɗan motsa. Ya zo yana ta sunkuyar da kai. Ya danna, fankoki suka tashi, fitilu suka kama, allon kwamfutar kuwa baƙi ƙirin.

"Ta ɓaci ko?" ta tambaya.

Halliru ya ɗago kai ya ce:

"Inna, ba ta taɓa tashi ba. Madabod ɗin na da ne, furosesa da ram na yanzu ne. Ba su shiga juna, ko ramin ba ɗaya ba ne. Kayan ga ba su jiran juna, in ɗaya ya daɗe sai a bar shi baya. Tun ranar da kinka aiko ya gani."

"To zaman mi yake yi cikin shagon ga?"

"Hankokin kawai muka haɗa ma wuta. Shina zama ne don ki ji ƙara."

Ta dafa bango. Halliru ya ci gaba. Ya ce ya ba Uzair shawara su sayar da katin hoton su sayi madabod ɗin da ya dace da ƙaramin kati, aiki ya tashi. Uzair ya ce abin da Inna ta cire daga kunnenta ba zai kai shi kasuwa ba. Halliru ya ce masa to ya je ya gaya mata gaskiya, Uzair ya ce da wane baki, bayan shekarun da ta yi tana tari. "Shi ne yac ce bari shi tai arewa shi nemo na madabod guda, shi dawo mu haɗa, ba tare da kin taɓa sani ba. Ya sa ni rantsuwa."

Safiyyatu ta zauna a kujerar da ɗanta ya yi watanni yana zama a gaban baƙin allo. A nan ta yi kukan, a gaban abokinsa, ba ta damu da wanda zai ji ba. Abin da ta tara don ta riƙe shi a gida, shi ne ya ɗora shi a mota.

Da ta natsu ta ce Halliru ya faɗa mata sunan madabod ɗin da ya dace, ya kuma raka ta. Da kaka suka je Sakkwato tare suka sayo shi. Halliru ya ce a ba shi yini ɗaya zai haɗa komai ta ga allon ya kawo haske. Ta ce a'a, a bar wa mai ita ya haɗa da hannunsa.

"Inna," ya ce a hankali, "in ya daɗe ajiye, shi ma zamani zai wuce shi."

"Na sani," in ji Safiyyatu. "Yanzu kam na sani."

Ta naɗe kwalin da zani ta kai ɗaki.