Kwanon da Yayarsa Ke Aikowa

Lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zuru maigidana ya bar aikin soja, muka dawo gida. Ya zauna, jiki ya buɗe, tumbi ya fito. Danginsa suka yi ta sa mini albarka, don a wurinsu cikin miji shi ne shaidar mace.

Ni kuwa ina ganin abin da ba sa gani. Da asuba sai ya dafa bango kafin ya miƙe, gwiwa na ciwo, ga kasala ba zazzaɓi. Sujada ta fara yi masa wuya.

A asibiti likita ya ce kitsen ciki ba zaune kawai yake ba, yana hura wani kumburi a jiki wanda ido ba ya gani, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Lemon kwalba da soye-soye da farar shinkafa suna ƙara masa iska. Ya ce mu koma wa dawa, wake, zogale da kifi, a rage mai, ya riƙa tafiya.

Na koma tuwon dawa da miyar ganye. Ya fara sauƙi, har yana takawa masallaci ba ya tsayawa a hanya.

Sai yayarsa ta zo daga Dabai, ta buɗe tukunyata.

"Amarya, mi nika gani? Abincin da muka ci don babu, shi za ki ba mutumin da ya dawo daga yaƙi?"

"Yaya, likita ne ya ce."

"Likita ya aure shi? Dubi wuyan ƙanena, kamar na zabo!"

Daga ranar, duk ɗan acaɓan da ya tsaya a ƙofarmu da kwano yake tafe: shinkafa tana ninƙaya a manja, soyayyen nama, fanke. Ba a mayar da kwanon babbar yaya. Na roƙe shi mu ba maƙwabta. Ya ce, "Idan ta tambaye ni, ƙarya zan yi mata?" Yana ci yana kawar da kai daga gare ni.

Kafin damina ta zagayo, a kan kujera yake sallah. Na gan shi yana duƙar da kai, goshinsa ba ya kai ƙasa, na shiga ɗaki na yi kuka.

Da yayar ta zo dubiya ta same shi haka, sai ta juya ga matan da suka rako ta.

"Kun gani? Yunwa ta hana shi tsayuwa gaban Ubangijinsa."

Na kawo musu ruwa.