Gaton kwaka da ya mayar da Baba fada

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Yantala, likita ya ce mahaifina yana da ciwon sukari. Ya hana shi shayi mai zaƙi, ya hana shi fari masa, fanken nan na Zabarmawa da ake soyawa a kowane lungu na Yamai. Ga wani wannan ƙaramin abu ne. Amma Baba, tun da ya ajiye aikin gwamnati, rayuwarsa duka a fada take, wato gindin dalbejiyar ƙofar maƙwabcinmu, inda tsofaffin unguwa ke zama bayan la'asar ana shan shayi, ana cin fari masa, ana gyara duniya da baki.

Sai ya daina fita. Ya ce ba zai iya a miƙo masa abu ya ce a'a ba, kuma ba zai zauna yana ba mutane labarin jininsa ba. Mutumin da muryarsa ke cika gida ya koma ɗaki daga shi sai rediyo. Abinci ma sai ya taɓa ya ture. Kafin a yi nisa rigunansa suka yi masa yawa, ni kuwa tsoro ya kama ni ba kaɗan ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin gaton kwaka, wato kek ɗin da ake yi da kwaka, hatsin Turawan nan da ake damawa kamar kunu. Ta ce ba a sa masa sukari, gishiri ne da ƙwai da ɗan mai, sai a gasa. Ni da ko waina ban taɓa yi ta fito daidai ba, na ɗaura ɗamara na nufi kasuwar Petit Marché. Ba mu da fur, murhun gashin nan na zamani, sai na zuba yashi a babbar tukunya, na ɗora faranti a ciki, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Na farko ya fito kamar bulo. Na biyu gindinsa ya ƙone, cikinsa ɗanye. Na sha ɓarna kafin hannuna ya faɗa. Ranar da na ƙara albasa da tattasai da yajin kilishi, ƙamshi ya kai har maƙwabta. Na jera masa a faranti mai kyau, na kai ɗaki ina ta washe baki.

Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya mayar. "Allah shi yi miki albarka, uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Aje nan, sai an jima." Da na dawo ɗaukar farantin, yadda na jera su haka na tarar da su.

Na koma madafa ina kumburi. Mahaifiyata na tsinkar zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke, mutumen da bai taɓa sa hannu kwano shi ɗaya ba, tun da anka ce sukari an ware mishi nashi. Yanzu kin ƙaro wani abin da shi kaɗai za ya ci. Ki yi mai yawa."

"Mai yawa wa zai ci, Inna?"

"Tsofaffin can mi suka taɓa bari?"

Washegari na cika tire fal. Na tsaya bakin ƙofarsa na ce na yi wa mutanen fada ɗan abin taɓawa, amma ina jin nauyin shiga cikinsu ni kaɗai, ya taimaka ya raka ni. Ya yi ta mita, wai ya tsufa da rakiya. Can dai ya jawo hularsa.

Na durƙusa na gaishe su, na ajiye tiren, na juyo. Shi ya ce zai ɗan gaisa ya biyo ni. Na zauna tsakar gida ina kallon ƙofa. Shiru bai shigo ba. Can gab da magariba na jiyo dariyarsa ta bayan katanga, irin mai ƙarewa da tarin nan. Wallahi sai da na shiga madafa na yi kukana son raina.

Bayan sallah ya shigo da tiren a hannu, ko ɓurɓushi babu.

"Sun ce yajinki ya yi kaɗan," ya ce. Sannan ya rage murya. "Ashe maƙwabcin nan namu ma ya daɗe da sukari. Nashi shayin ake fara zubawa kahin a sa zaƙi. Yau tare anka zuba muna."

Baba bai warke ba, har yau yana shan maganinsa. Amma ya koma cin abinci, ya koma fada, ya koma yi mana faɗa a kan ƙofar da aka bari buɗe, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. A lokacin na ɗauka cikinsa nake ciyarwa, ashe kaɗaici ne ke ramar da shi.

Yanzu ina gidana, ina da fur, na iya gaton zogale da na gyaɗa. In likita ya hana wani a gidan nan cin wani abu, tukunya ɗaya nake ɗorawa, kowa ya ci abin da mara lafiya zai ci. Yara su yi ta ƙorafi, ni kuwa ko a jikina.