Malam Ya Zo Sauraron Tatsuniyar Butum-butumi

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta ranar da tatsuniya ta kusa raba ni da aikina ba.

Lokacin ina koyar da Hausa a wata makarantar kuɗi a Unguwar Rimi. 'Yan ajin ƙarshe sun raina tatsuniya, da na fara sai hamma. Ni kuwa ba na ɗaukar raini. Sai na ce kowa ya ɗauki tatsuniyar marainiyar nan da aka aika ɗebo ruwa a kogi mai nisa, ya mayar da ita Kadunar da jikokinsu za su tarar. Wata yarinya 'yar Unguwar Shanu ta fi kowa. A nata labarin kogin Kaduna ya ƙafe, butum-butumi masu aiki da na'ura ke mulki suna raba ruwa da cokali, marainiya kuma ta tafi sato makullin famfo, a ƙarshe aka hukunta butum-butumin.

Ashe ta karanta wa ƙannenta a gida, ƙaramin ya ƙi cin abinci yana kuka wai ruwa zai ƙare. Mahaifinta kuwa babban malami ne da ake jin maganarsa. Washegari shugabar makaranta ta kira ni ofis. Tun a ƙofa ta raɗa min cewa idan ya cire 'yarsa, iyaye za su bi shi, ni kuma in nemi wani wurin. Da na shiga sai na tarar da Malam zaune.

Malam ya dube ni ya ce, "Malama, ke ce ke koya wa yara faɗin abin da zai faru gobe? Gaibu ai sai Allah."

"Allah gafarta Malam, tatsuniya ce kawai."

"To a karanto in ji."

Aka kira yarinyar, ta karanta. Ya saurara ido a rufe. Da ta kai ƙarshe ya buɗe ido.

"Shi ke nan? Ina ƙurunƙus?" Ya juyo gare ni. "Kakata ba ta taɓa tashi daga tatsuniya ba sai ta rufe ta, ta faɗa mana da bakinta cewa ƙarya ta shara. Ku kun bar ta a buɗe, yaro ya ɗauka gaskiya ne."

Yarinya ta yi maza ta ce ƙurunƙus. Malam ya miƙe yana gyara rawani.

"A ci gaba da karatu. Amma butum-butumin nan, hukuncinsu ya yi kaɗan, a ƙara musu."

Yana fita na zube a kujera ina hamdala, dariya da hawaye a haɗe. Tun ranar na gane cewa duk wanda ya kai yaro wata duniya da labari, shi ke da alhakin dawo da shi gida.