Dashen da Ya Ƙi Shiga Layi

Bakoji bai taɓa shiga aji ba, amma a gandun dajin da ke bayan Dogon Dawa, in ana son ƙidayar da ba a maimaitawa, shi ake kira. Lebura ne, shekara tara yana rainon irin malaina, da aikin yake ciyar da kansa da matarsa Asama'u. Da tsakuwa yake lissafi, fara ɗari, baƙa dubu.

Damina ta huɗu da samun mulkin kai aka kawo sabon malamin daji, Isiyaku, ɗan boko mai zafin kai. Ya ce a dasa irin layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, kar a bar ko ɗaya.

Bakoji ya ƙirga: dubu bakwai da ɗari tara da goma sha tara. Ya kasa biyu, ɗaya ya ragu. Ya kasa uku, biyu suka ragu. Bakwai ma haka. Kwana uku bawan Allah yana fama, har ya kai kashi tamanin da tara, kullum da saura.

"Ranka ya daɗe, adadin nan ba ya rabuwa," in ji shi. "Amma in an cire ɗaya, za a sami layi saba'in da huɗu, kowanne ɗari da bakwai."

Isiyaku ya harare shi. "Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa? Gobe ka jera su duka, ko ka ajiye fartanya."

Jaji, abokin aikinsa, ya ja shi gefe. "Haba Bakoji! Jefa ɗaya a ciyawa, ka ce sun cika. Wa zai ƙirga?"

Ina! Da hannunsa ya shayar da kowanne, kuma bakinsa bai taɓa faɗin adadin ƙarya ba. Washegari aka dasa layi saba'in da huɗu, ya kawo ɗayan a tafin hannu ya ajiye gaban malamin. Nan take aka sallame shi. Wallahi abin tausayi, mutum ya rasa tuwonsa a kan tsiro guda! Ya ɗauki abinsa ya dasa a ƙofar gida, ya koma saƙar tabarma. Shekarar nan sun sha wuya shi da Asama'u.

Bayan shekara goma sha biyar aka sare gandun kakaf don katako. Ranar da motar ƙarshe za ta tashi, sai ga Isiyaku, furfura ta fara masa, ya durƙusa a rana gaban tsoho Bakoji a ƙofar gidansa.

"Baba, na raba a takarda tun a makon da na sallame ka. Ba ya rabuwa. Kunya ce ta hana ni zuwa."

Bakoji ya miƙe. Sannan ya gyara tabarma a gindin malainar da ya dasa.

"Shigo inuwa, Malam. Ita kaɗai ta rage."