Ruwan da Ban Ba Inna Ba

Ni ce 'yar farin Inna, saboda haka na girma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A ƙauyenmu, can gefen Makoda, wannan ba abin mamaki ba ne. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na tashi, katanga ɗaya ce tsakaninmu da Inna. In tana son ta aike ni sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ce wa waccan ta miƙo tsintsiya," alhali ga ni tsaye a gabanta. Ba ta cin abinci ina kallo, ba ta sakin dariya in ina wurin. Ƙannena kuwa har kan cinyarta suke birgima. Ina yarinya abin yana ci mini rai, da na girma na saba, har nake tsokanar ta da shi. In na zo daga gidan mijina sai in tsaya a bakin ƙofa in ce, "Waccan ta zo gaisuwa," ta kau da kai tana danne murmushi.

Da bazara ciwon ya kama ta, ana tsakiyar sharar gona. Kwana biyu cikinta yana murɗawa, tana amai, ba ta zagawa. Aka yi jiƙe-jiƙen da aka saba, ba sauƙi. Ƙanina da ke awon hatsi a Dawanau ya zo da mota aka kai ta asibiti. Likita ya taɓa cikin ya ce hanji ne ya naɗe, aiki za a yi a ranar. Ba a barin namiji ya zauna a ɗakin mata, ƙanwata kuma kwananta goma da haihuwa. Haka jinya ta faɗo kaina, ni da ko ƙafarta ban taɓa matsa mata ba.

Wadda ta shirya ta wata nas ce doguwa mai tabarau, ba ta da yawan fara'a amma hannunta da sauƙi. Ta tambaye ni yaushe rabon Inna da ci ko sha, ta sa mata ƙarin ruwa, ta zura mata wata siririyar roba ta hanci. Ta cire mata 'yan kunne da awarwaro ta damƙa mini. Ta bi yatsun Inna ɗaya bayan ɗaya tana neman farcen da lalle bai rufe ba, don ta maƙala abin awon numfashi, tana mita a kan mu mutanen ƙauye da ƙunshi. Da aka zo sa rigar tiyata, wadda bayanta a buɗe yake, Inna ta riƙe bakin zaninta gam. Sai da na juya na fuskanci bango sannan ta saki. Da ina da wayo da tun daga nan na gane abin da ke jirana.

Aka shiga da ita bayan azahar, aka fito da ita gab da magariba. Nas ɗin ta kwantar da ita ba matashi, ta juya mata kai gefe saboda amai, tana auna ta a kai a kai, tana ɗan bubbuga kafaɗarta tana cewa, "Baba, an gama, buɗe idonki." Allurar barcin ba ta gama sakinta ba. Idonta ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa, ya tsaya a kaina. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, ɓaro-ɓaro. Ta ce, "Ba ni ruwa."

Shekara talatin da wani abu ina jiran wannan kira. Hannuna har ya kai kan buta nas ɗin ta riƙe shi.

"Ko ɗigo," in ji ta. "An yanke hanji an ɗinke. Yanzu barci yake, in kika zuba masa ruwa zai tsaya ya kumbura, ɗinkin ya iya buɗewa. Ga auduga nan, ki jiƙa ki shafa mata a leɓe, amma kada ta tsotsa."

Na ce, "Sai yaushe ke nan, Sista?"

"Sai hanjin ya farka. Ranar da ta yi tusa ki zo ki gaya mini da gudu, ita muke jira."

Ta faɗi kalmar yadda ake cewa ina kwana. Ni ce na sunkuyar da kai don kunya.

Washegari Inna ta dawo hayyacinta, ta koma Innar da na sani. Ba ta tuna ta kira ni ba, ko kuwa ta tuna ta share. Amma ni kiran nan ya riga ya ɗaure ni a gefen gadon. Na shimfiɗa tabarmata a ƙasa daidai kanta, a nan nake salla, a nan nake gyangyaɗi. In zan zaga ko in yi alwala da gudu nake zuwa in dawo. Na aika aka sayo mini sabon kofi da ƙaramin cokali, na wanke na ajiye a kan durowa. Na ƙudura a raina cewa da hannuna za ta sha ruwan farko.

Zafin bazarar nan kuwa ba a magana. Fanka tana juyawa tana kaɗo iska mai ɗumi. Leɓen Inna ya tsattsage, harshenta ya yi fari. In mai jinyar wani gado ta fasa ledar ruwa, sai in ga maƙogwaron Inna ya motsa. Ba ta sake roƙo ba. Ina shafa mata audugar tana kallon silin, wani lokaci in ji leɓenta ya kama audugar, dole in fizge. Ban taɓa tsanar hannuna irin lokacin ba. Nas ɗin ta ce ruwan da ke shiga ta jijiya ya ishe ta, ba za ta mutu da ƙishi ba. Na yarda da ita, amma ba ita ke kallon leɓen nan wuni guda ba.

Safe da yamma take zuwa. Ta auna zafin jiki, ta duba ɗinki, ta sa mu tayar da Inna zaune, ta ce ta yi tari tana dafe da cikin. Sannan ta ɗora abin sauraro a kan cikin Inna ta saurara, ta ɗago ta ce, "Baba, iska ta fita?" Ni kuma ina tsaye a kansu, na ƙura wa bakin Inna ido. Inna sai ta girgiza kai.

Rana ta uku da safe likita ya zo zagaye. Nas ɗin ta ce masa tana jin motsi a cikin amma mai shi ta ce har yanzu shiru. Ya danna cikin, Inna ta cije leɓe. Ya ce cikin ya ɗan tashi, in aka kai gobe a haka za a yi hoto, wataƙila a sake komawa tiyata. Da suka wuce na zauna a kan tabarma na rasa abin yi. Addu'ar da na sani na yi, sadaka an yi a gida. Ba ni da wani abu da zan iya cusawa a cikin nan ya motsa.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwa daga wajen Shanono da aka yi wa aiki a ƙafa, mai surutu, ba wanda ya tsira daga bakinta a ɗakin. Ranar, da Inna ta rufe ido, sai tsohuwar ta yafito ni, na matsa, ta rage murya.

"Yarinya, ke ce ta fari ko?"

Na ce ni ce.

"Na sani. Ai tun jiya da hantsi abin da ake jira ya zo, lokacin da kika je alwala. Da kunnena na ji. Kina dawowa ta ɗaure, tun daga nan take riƙewa. Kin kafe a kanta ba dare ba rana, malamar asibiti kuma sai a gabanki take tambaya. Ta yaya za ta amsa?"

Na ce, "Haba Baba, tun jiya, kika yi shiru?"

"Ina ni ina tona asirin babbar mace? Yanzu ma don na ji zancen wuƙa ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin tsohuwar, na ji haushin Inna da za ta zaɓi a sake yanka ta a kan ta buɗe baki a gabana. Na fi jin haushin kaina. Wuni da kwana na ƙishin nan ni na ɗora mata, ina zaune ina ganin kaina 'yar kirki.

Na sami nas ɗin a teburinta na gaya mata, ina in'ina. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Me ya hana ki gaya mini ke 'yar fari ce? Ni ma uwata haka take da yayanmu." Ta miƙe. "Fita. Ki je waje ki zauna, kada ki dawo sai na kira ki."

Na ce ko zan tsaya daga bakin ƙofa. Ta ce waje.

Akwai bishiyar darbejiya a bayan ɗakin, daidai tagar da ke kallon gadonmu. A nan na raɓe. Na ga nas ɗin ta ja labule, daga ita sai Inna, aka daɗe. Ta fito ta tafi, ta dawo da likita, suka sake shiga. Da aka yaye labulen an cire robar hancin. Nas ɗin ta ɗauki kofina, ta ɗauki cokalina, ta tallafo kan Inna. Cokali ɗaya, ta jira. Na biyu, ta jira. Ina ganin maƙogwaron Inna yana hawa yana sauka, idonta a lumshe. Tsohuwar Shanono tana ta gyaɗa kai sai ka ce ita ta yi aikin. Ni ina riƙe da ƙarfen taga ina kuka, ban san na farin ciki ne ko na takaici ba. Duk abin da na iya yi wa uwata a jinyar nan shi ne in ba ta wuri.

A cokali na biyar nas ɗin ta tsaya, ta ce sai bayan awa ɗaya. Inna ta yi mata magana a hankali, ba ta ko waiwayo wajen tagar ba. Nas ɗin ta ajiye kofin ta zo ta tsaya a gabana, ƙarfe a tsakaninmu.

Na ce, "Ta ce in shigo?"

"A'a. Cewa ta yi a ce wa waccan ta je ta sha ruwa. Wai kwana uku tana lura, ba ta ga kin kai komai baki ba."