Goggo Mai Hira da Ƙeya

Duk wanda ya san Goggo makitsiya ya san ba ta iya hira da fuska ba. Ka tare ta a hanya ka gaishe ta, za ta amsa tana kallon takalminka, ta yi gaba kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Amma bari mace ta zauna a tabarmar shagonta, ta ba ta ƙeya, ta jingina kai da gwiwarta, to nan fa bakin Goggo yake buɗewa. Tana tsaga tana labari, tana kamawa tana tsiya, har mai kitson ta manta da zafin jan da ake mata. Mijinta, tsohon direban motar asibiti, yakan ce duk maganar kirkin da suka taɓa yi da ita a mota suka yi ta, yana tuƙi tana kujerar baya.

"Ni fa ƙeyata ta aura," in ji shi. "Fuskar gyara aka ba ta."

Shagon ɗaki ɗaya ne a jikin gidansu, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Ba wani abin kallo a ciki: madubi mai tsaga a kusurwa, kujera 'yar tsugunne, gwangwanin man kitso, mataji, sai wata tsohuwar fanka da ke kuka kamar ana yanka ta, wadda Goggo ta hana kowa ya canja. Kibiyar tsaga kuwa kullum tana soke a ɗankwalinta, ko unguwa za ta.

'Ya'yanta mata duk suna kusa da ita. Namijin ɗaya ne, Auta, shi ne karatu ya kai wata ƙasa mai nisa. Ya zama injiniyan famfunan ruwa, ya auri abokiyar aikinsa 'yar can, suka haifi 'ya mace ya sa mata sunan Goggo. Don haka Goggo ba ta taɓa kiran yarinyar da komai ba sai Takwara. Duk ƙarshen mako sukan kira ta a waya mai hoto, Auta a tsakiya yana tafinta. Goggo ta san yana ƙara gishiri, don ita ta faɗi kalma biyu shi ya yi ta zuba, uwa da 'ya suna ƙyalƙyala dariya. Ba ta damu ba, ai dariyar ce ake nema.

Sai Allah ya yi ikonsa. Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke Auta, aka binne shi a can. Goggo ta yi kuka har ta gode Allah.

Surukar tata mutuniyar kirki ce, ba ta yanke zumunci ba. Takan kira, ta zaunar da yarinya gaban waya. To amma a ce me? A ɗaga hannu, a yi murmushi, a sake ɗaga hannu. Can sai yarinyar ta fara kallon gefe, ta zame daga kujera ta tafi wasanta. Kiran mako ya koma na wata. Goggo ba yarinya ba ce, ta ga inda abin ya dosa: ta rasa ɗa, ga shi tana shirin rasa jika, ita kuma da ranta. Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya ma, Takwara tana ƙarama ubanta ya rasu, uwarta kuwa da gemunsa ta san shi. Wa zai gaya wa yarinyar nan yadda ubanta yake lokacin da yake kamarta?

Wata safiya ta rufe shago, ta yafa mayafi, ta tafi cibiyar koyon harsuna da ke bayan gidan waya, ta sa sunanta a ajin masu fara koyon yaren surukarta.

"Tsofai-tsofai da ke?" in ji maigidan. "Rabonki da allo tun firamare fa."

"Gemu ba ya hana ilimi," ta ce tana kallon bango, "balle ni da ba ni da shi."

'Yan ajin duk sa'annin jikokinta ne, masu neman aiki da masu neman ƙaro karatu. Suka sa mata Goggon aji. Malamarsu wata siririya ce mai tabarau, wadda ɗalibai ke kira Malama Maimaita, don ko atishawa ka yi sai ta ce ka maimaita. Abin da yara ke haddacewa a zama ɗaya, Goggo sai ta kwana ta wuni a kansa. Amma tana da abin da ba su da shi, wato ɗaliban da ba su da halin gudu. Mace ta zauna, an kama mata rabin kai, ina za ta?

"Goggo, ni kitso na zo, ba makaranta ba," in ji matar mai gyaran waya.

"Riƙe kanki daidai. Yanzu ce min 'taga'. A'a, ba haka ba, murɗa harshen. Ke da kike murɗa shi a kan mijinki kullum!"

Wasu suka yi fushi suka koma wani shagon, sai kuma suka dawo, don hannun Goggo ba shi da na biyu. Wasu kuwa abin ya yi musu daɗi, suka koyi yadda za su yi wa mazansu ƙunƙuni da yaren da ba sa ji. Unguwa ta sa masa suna yaren Goggo.

Da ta gama ajin farko, ta kira, ta gaishe da Takwara da yarenta. Yarinyar ta zaro ido, ta amsa, ta kira uwarta da gudu. Surukar ta rufe baki tana hawaye. Amma da gaisuwa ta ƙare sai aka yi tsit. Ga fuskar yarinya cike da waya tana jira, ga harshen Goggo ya manne. Ta tambaye ta makaranta, aka ce lafiya. Ta tambaye ta sanyi, aka ce akwai. Shi ke nan.

"To ai kin iya," in ji maigidan. "Ki huta haka nan."

"Gaisuwa ko aku ya iya. Ni hira nake so."

Haka ta yi ta hawa aji bayan aji, abokan farawa suna zubewa a hanya. Idonta ya fara rauni, ta sayi tabarau. Gwiwa ta hana ta hawan bene, ta riƙa fita da wuri don ta hau a hankali. Ranar da ruwa ya cika titi ma ta zo, takalmi a hannu. Kai, matar nan akwai naci! Shekaru suka tafi, Takwara tana girma a cikin waya, tana ƙara zama baƙuwa, amsarta ba ta wuce e da a'a.

A babban aji ne Goggo ta faɗi jarrabawar baka. Rubutu ta ci, sauraro ta ci. Amma da aka zaunar da ita gaban tebur, Malama Maimaita ta zuba mata ido ta cikin tabarau, sai komai ya tsere. Ta fito ba ta haɗa jimla ɗaya ba. Ta ji kunya, ta ji haushi, ta kwana biyu ba ta buɗe shago ba. Rana ta uku ta koma ta sake sa sunanta a ajin.

Ana nan sai Malama ta zo shagon kitso, don ta ji ana yabon hannun ɗalibarta. Ta cire tabarau, ta zauna a tabarma, ta ba da ƙeya. Goggo ta zare kibiya, ta fara tsaga, sai ga yare yana zuba kamar an buɗe famfo. Ta ba ta labarin maƙwabta, ta yi mata faɗan rashin shafa mai, har da yi wa maigidan tsiya, duk da yaren. Malama ba ta ce maimaita ko sau ɗaya ba. Da aka gama ta dubi madubi, ta dubi Goggo, ta ce, "Ashe haka ne." Ranar jarrabawa ta gaba, Goggo ta shiga ta tarar Malama ta juya kujerarta tana fuskantar bango. Goggo ta ci, da kyakkyawan sakamako kuwa.

Da bikin yaye ɗaliban babban aji ya matso, shugaban cibiya ya ce Goggo ce za ta yi jawabin godiya a madadin ɗalibai, tunda ita ce babba. Ta so ta ƙi, sai ga saƙon surukarta: za su zo, ita da Takwara, su ga wannan rana. Goggo ta rubuta jawabi, ta haddace shi a kan kawunan unguwa kaf, har matar mai gyaran waya ta iya farkonsa.

Ranar biki jirgin baƙin ya yi latti. Zauren ya cika da iyaye da 'yan'uwa, an jera kujerun roba, lasifika tana ta ƙara. Rigar yayen ta yi wa Goggo tsawo, hular kuma ta ƙi zama a kan ɗankwali, sai da maigidan ya danna mata ita yana cewa, "Yau dai na auri farfesa." Ya je layin gaba ya kama kujeru biyu, ɗaya da hularsa ɗaya da sandarsa, ya tsaya gadi. Aka yi jawabai. Aka ba wata matashiyar ma'aikaciyar jinya kyautar gwarzuwar aji, Goggo ta tafa mata har tafinta ya yi zafi. Idonta dai yana ƙofa.

Ana cikin raba takardun shaida suka shigo, da akwatunansu, kai tsaye daga filin jirgi. Surukar ta ɗago mata hannu. Takwara kuwa ta yi tsawo, ta zama 'yar budurwa, ta zauna a takure tana kallon silin. Gashinta mai yawa, irin na gidansu Goggo, an tattare shi an ɗaure da roba ko ta halin ƙaƙa.

Sai aka kira sunan Goggo.

Ta hau dandamali, ta tsaya gaban makirufo, ta ɗaga kai. Fuskoki ne ko'ina, kowace da idanu biyu, ga kuma ta Takwara a gaba tana kallonta. Jawabin da unguwa ta haddace ya bi iska. Ta buɗe baki, ta rufe. Wani ya yi tari. Wani jariri ya fara kuka a baya. Maigidan ya shiga share gumi da hularsa. Goggo ta san ba jawabi kawai take asara ba. Yarinyar nan ta ƙetaro duniya ta zo, za ta koma da abin da ta saba gani, tsohuwa mai ɗaga hannu da murmushi.

Kunya ta kama Takwara, ta sunkuyar da kai ƙasa. Daga kan dandamali Goggo ta hango tsakiyar kanta da ƙeyarta.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta tattare rigar yaye, ta sauko a hankali saboda gwiwa, ta zaga ta bayan layin gaba, mutane suna janye ƙafafu. Malama Maimaita ta gane, ta cire makirufo ta bi ta da sauri. Goggo ta tsaya a bayan kujerar jikarta, ta ce da yaren yarinyar, "Takwara, kin yarda in taɓa?"

Yarinyar ta gyaɗa kai ba ta waiwayo ba. Goggo ta zare robar, ta nutsa yatsunta cikin gashin.

"Kai! Wa yake taje wannan kan?" ta ce, muryarta ta cika zauren. "A kawo min shi in ji dalili."

Ɗaliban suka fashe da dariya, suna fassara wa iyayensu. Surukar ta ɗaga hannu ta amsa laifi, tana dariya tana share ido.

"Na yafe miki, 'yata, ba a koyar da wannan a makarantar injiniyoyi." Ta ɗaga gashin ƙeyar, sai yatsunta suka tsaya. "Kin ga nan, Takwara? Gashinki ya murɗa hagu. Haka na ubanki yake, a daidai wannan wurin. Ya wahalar da masu aski, shi ya sa ranar aski yake ɓuya a bayan randa, ƙafafunsa a waje, yana zaton ba a ganinsa. Ubanki ba ya ganin abu mai juyawa ya ƙyale. Yana kamarki na fita sayen mai, na bar shi a shago da sabuwar fanka. Na dawo na tarar ya kwance ta ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, wai yana neman inda iskar take fitowa."

Kafaɗun yarinyar, da suke a ɗage tun shigowarta, suka sauka. Goggo ta ji kan ya ɗan jingino jikinta, kamar yadda kowane kai yake yi idan ya saki jiki.

Ta hango shugaban cibiya yana satar kallon agogo, sai ta tuna abin da aka aiko ta. Ta gode wa malamai, ta gode wa Malama da ta juya kujera, ta gode wa 'yan ajin da suka riƙa ɗaukar mata jaka a bene, ta gode wa matan unguwa da suka ba da kawunansu. Tafi ya ɓarke, ɗalibai suka miƙe tsaye. Ta fara zare hannunta za ta koma dandamali, sai ta ji an riƙe mata wuyan hannu.

Takwara ce. Ba ta waiwayo ba, amma makirufo ya kama muryarta.

"Kaka, sai me ya faru? Ya gyara ta?"

Goggo ta mayar da yatsunta cikin gashin.

"Ya mayar da ita, amma har yau kuka take. Tana shago, za ki ji ta da kunnenki."

"Kin dake shi?"

Aka sake kiran sunan Goggo don ta karɓi takardarta. Maigidan ya dube ta, ya ga ba ta da niyyar motsi, sai ya gyara hula ya hau dandamali ya karɓo mata, yana ɗaga wa jama'a hannu kamar shi ya yi karatun. Goggo ta yi wa Malama alamar ta janye makirufo. Ta jawo wata kujera ta zauna a bayan jikarta, ta zare kibiya daga ɗankwali, hular yaye ta faɗi ƙasa ba ta ko kalle ta ba.

"Riƙe kanki daidai," ta ce. "Labarin da tsawo."